Tunjere Da Juna Biyu: Uwa Na Jin Lafiyarta Ƙalau, Ɗan Cikinta Na Shan Wahala

A gidan hayar da muke zaune a nan Agege kusan ni ce tafintar matan gidan, duk wadda za ta je awo kuma ba ta jin Yarbanci ba ta jin Turanci sai ta ƙwanƙwasa min ƙofa tun da asuba mu kama hanya tare. To a irin wannan rakiyar ne wata rana na zauna kusa da wata ƙanwata, ba ciki ɗaya muka fito ba amma zaman tare ya mai da mu 'yan uwa, nas ta soki ɗan yatsanta ta ɗiga jinin a kan wani ɗan roba mai kama da na gwajin maleriya, bayan kamar minti ashirin ta kira mu ciki ta tura ƙofa. Cikinta na uku kenan. Na farko ya zube yana wata shida, na biyu ta kai shi wata takwas ta haifi ɗa namiji ba rai, fatar jikinsa duk ta saɓule, har dangin miji can gida sun fara ƙus-ƙus wai wabi take yi, maƙwabtanmu Yarbawa kuma suna cewa abiku ne. Nas ta ce gwajin ya nuna sifilis. Na juya na ce mata tunjere ne. Ta kalle ni ido cike da ƙwalla ta ce, “Yaya, ni fa lafiyata ƙalau, ko ƙaiƙayi ba na ji.”

Kuma wallahi gaskiya ta faɗa, lafiyarta ƙalau a ido, kuma nan ne duk wahalar wannan cutar take.

Mu dai duk wani ciwo da ya shafi gaba sai mu haɗa shi mu kira shi sanyi, ko mu ce infekshan, wasu ma su ce na banɗaki ne. Tunjere daban take. Wata ƙwayar bakteriya ce siririya mai murɗe-murɗe kamar igiyar da aka tufka, likitoci na kiranta Treponema pallidum, a shekarar 1905 masana a Jamus suka fara ganinta da madubin likita. Ba a ɗaukarta a masai, ba a ɗaukarta a bokitin wanka ko kwanon abinci, hanyarta ita ce saduwa da wanda ke da ita, sai jini, sai kuma daga uwa zuwa ɗan da ke cikinta. Kamar mako uku bayan ta shiga jiki sai wani ɗan gyambo ya fito a daidai inda ta shiga, gyambon ba ya zafi ba ya ƙaiƙayi, a jikin mace kuma sau da yawa can ciki yake fitowa, a bakin mahaifa ko cikin farji, inda ba za ta taɓa ganinsa ba, bayan mako uku zuwa shida ya warke da kansa ko an sha magani ko ba a sha ba. Sai a ɗan jima ƙuraje su feso a jiki, musamman tafin hannu da tafin ƙafa, yawanci su ma ba ƙaiƙayi, da ɗan zazzaɓi da kaluluwa da ciwon maƙogwaro, wata ma gashinta ya riƙa zubewa gurbi-gurbi. Wa zai ga wannan ya kawo tunjere a ransa? Za a ce ƙurajen zafi ne ko maleriya ko taifod, a je kemis a haɗo magani, kwana kaɗan su baje a ce an warke. Alhali cutar ta shige ciki ne ta yi lamo, tana iya shekaru a haka ba alama ko ɗaya, a wasu mutanen sai can gaba ta dawo ta taɓa zuciya ko ƙwaƙwalwa ko ido ko jijiyoyi.

Ita uwa jikinta na iya zama da ita tsawon lokaci, ɗan tayi ne ba shi da wannan ƙarfin. Ƙwayar tana bin jinin uwa ta ratsa mabiyiya ta bi ta cibiya ta shiga jinin yaro kai tsaye, wato shi ba ya bi ta matakin gyambo, tashi ɗaya take watsuwa a hantarsa da saifarsa da ƙashinsa da huhunsa. Tana iya ratsawa a kowane wata na ciki, amma ɓarnar ta fi bayyana bayan ciki ya wuce wata huɗu zuwa biyar, shi ya sa irin ɓarinta yawanci ɓarin babban ciki ne, wanda uwa ta riga ta fara jin motsi sai kawai motsin ya ɗauke. Ita kanta mabiyiyar tana kumbura ta yi girma fiye da ƙima, jijiyoyin da ke kai wa yaro abinci da iska su ƙuntace, jininsa ya yi ƙasa, wani lokacin ruwa ya taru a cikinsa da ƙarƙashin fatarsa har a gani a sikanin. Daga nan ko dai ya mutu a ciki, ko a haife shi bakwaini, ko ya zo ɗan mitsitsi ba nauyi, ko ya zo da rai ya yi kwana kaɗan ya koma. Idan uwa ba ta daɗe da kamuwa ba haɗarin ya fi yawa domin lokacin ƙwayar ta cika jini, idan ta kwana biyu a jiki haɗarin yana raguwa amma ba ya ƙarewa, har likitocin da can sun lura da wani jeri da ke maimaita kansa a gidaje, ciki na farko ya zube, na biyu a haife shi ba rai, na uku ya zo da ciwo ya rasu, can gaba sai a samu mai rayuwa. Ku dubi wannan jerin ku dubi abin da iyayenmu ke kira wabi, har a raɗa wa yaro suna Ajuji don a ga ko zai zauna. Ba ina cewa duk wabi tunjere ba ce, a'a, akwai sikila akwai maleriya akwai hawan jinin masu ciki da ciwon suga da rashin jituwar jinin uwa da na yaro, amma tunjere na cikin jerin kuma ita ce kusan wadda ta fi sauƙin ganowa da sauƙin magani, shi ya sa abin yake min ciwo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 manya kusan miliyan 8 ne suka kamu da tunjere a duniya, kuma an samu kusan 700,000 na cikin da cutar ta shafi yaro. A cikinsu kusan 150,000 sun mutu a ciki ko an haife su ba rai, kusan 70,000 sun rasu suna jarirai, kusan 55,000 sun zo bakwaini ko da ƙarancin nauyi, kusan 115,000 kuma an haife su da alamun cutar a jiki. Hukumar ta ce idan ba a yi wa mai ciki magani ba, ko aka yi a makare, ko aka yi da maganin da ba shi ba ne, tsakanin kashi 50 zuwa 80 cikin ɗari na irin wannan cikin yana ƙarewa da matsala, kuma a cikin abubuwan da ke sa a haifi yaro ba rai waɗanda ake iya karewa, bayan maleriya sai ita. Kada ma wani ya ɗauka ciwon talaka ne kawai, a Amurka a shekarar 2022 an haifi jarirai sama da 3,700 da ita, ninki goma na abin da suka gani a 2012.

Yaron da ya zo da rai kuma shi ma akwai ruɗani a lamarinsa, domin da yawansu ranar haihuwa lafiya sumul ake ganinsu, a yi suna a yanka rago a watse. Sai bayan 'yan makonni, yawanci kafin wata uku, majina ta fara zuba daga hanci ba ƙaƙƙautawa, wani lokacin da jini-jini, hancin ya toshe har ya kasa kama nono, mu kuma mu ce mura ce iskar fanka ta kama shi. Tafin hannu da tafin ƙafa su yi ƙuraje ko su yi bororo suna saɓulewa, gefen baki da dubura su tsattsage, ciki ya kumbura saboda hanta da saifa sun yi girma, ido ya yi rawaya mu ce shawara ce a nemo jiƙo, jini ya yi ƙasa yaro ya yi fari fat. Akwai wata alamar da nake so iyaye mata su riƙe, yaro ya daina motsa hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya kamar ya shanye, kina taɓa wurin ya tsanyara kuka, to ba lallai faɗuwa ya yi ba ko an riƙe shi ba daidai ba wajen wanka, ƙashin ne cutar ta kama yake masa zogi. Ita wannan majinar da ruwan ƙurajen cike suke da ƙwayar cutar, mai kula da shi ta riƙa wanke hannu sosai. Idan kuma aka wuce wannan matakin ba a gano ba, bayan shekara biyu zuwa sama sai wasu tabon su fito waɗanda ba sa gyaruwa, karan hanci ya lotsa, ƙwauri ya lanƙwashe ta gaba, haƙoran gaba na girma su fito da ɗan gurbi a bakinsu, ido ya yi hazo, kunne ya toshe yaro ya kurumce, wani kuma ƙwaƙwalwa ta taɓu ya kasa karatu ko ya riƙa farfaɗiya. Wani likitan Ingila mai suna Jonathan Hutchinson ne tun ƙarni na 19 ya haɗa alamomin nan uku na haƙori da ido da kunne ya nuna tushensu ɗaya, har yau da sunansa ake kiran irin haƙoran.

Duk wannan abin da na lissafa, maganinsa tsohuwar allurar nan ce ta fenisilin. Tun 1943 aka fara warkar da tunjere da ita kuma har yau ƙwayar ba ta gagare ta ba. Wadda ake yi wa mai ciki ita ce benzatin fenisilin, ma'auni miliyan 2.4, a ɗuwawu, farar allura ce mai kauri kamar madara kuma tana da zafi ba zan ɓoye muku ba, ƙanwar nan tawa sai da ta damƙe hannuna ta runtse ido tana salati. Idan an tabbatar sabon kamu ne allura ɗaya ta isa, idan ya daɗe ko ba a san yaushe aka kamu ba, wanda shi ne halin yawancin matanmu tunda ba su ga wata alama ba, sai a yi sau uku, duk mako sau ɗaya, kuma mai ciki idan ta tsallake mako sai an koma daga farko. Wannan allurar tana ratsa mabiyiya ta isa wurin yaro ta yi masa magani tun yana ciki, abin da ya bambanta ta da sauran kenan. Dokisisaikilin da ake ba wa wanda ba shi da ciki ba a ba mai ciki. Eritromaisin da azitromaisin kuma ba sa isa wurin yaro yadda ya kamata, uwa na iya samun sauƙi yaron yana nan da cutarsa. Kafso ɗin da ake haɗowa a kemis kwana biyu ko uku ba abin da zai yi sai dai ya ɓatar da alama, haka maganin sanyi na gargajiya da ake yawo da shi a kwalba a Mile 12 ko Alaba Rago, ko ya rage wa mace ƙaiƙayi ba ya kashe wannan ƙwayar. Wadda kuma jikinta ba ya karɓar fenisilin ta faɗa wa likita tun kafin a zuƙo allura, akwai yadda ake bi da ita a asibiti a hankali a ƙarƙashin kulawa.

Wani abu da ya kamata a sani shi ne cikin awa 24 bayan allurar farko wasu matan na yin zazzaɓi da rawar ɗari da ciwon kai da ciwon jiki, ba wai allurar ce ta ƙi su ba, ƙwayoyin ne ke mutuwa da yawa lokaci ɗaya jiki ke amsawa. A babban ciki hakan na iya tayar da ciwon mara kamar naƙuda ko ya rage motsin yaro, idan an ga haka a koma asibiti nan take, amma kada ya sa a gudu daga sauran allurar.

Maganar lokaci kuma ita ce inda muke faɗuwa. Ana so a fara maganin aƙalla kwana 30 kafin haihuwa kafin a ce ya kare yaro, kuma duk yadda aka yi shi da wuri ya fi, tun kafin ƙwayar ta yi ɓarna. Hukumar Lafiya ta Duniya na so mace ta fara awo cikin mako 12 na farko a kuma yi mata wannan gwajin a zuwan farko. Mu kuwa kun san halinmu, ciki sai ya fito ya yi wata shida ko bakwai kafin a je yankar kati, ga kunya ga ɓoyon ciki saboda baki, ga kuɗin mota da cunkoson Legas da layin asibiti da za ki bi tun asuba har azahar, ga maigida yana kasuwa ko yana kan layin lodi a Apapa ba mai ba da izini. Wasu kuma su ce ai gida za su tafi goyon ciki, can za su yi awo, sai a tafi Kano ko Katsina ko Sakkwato a wata na takwas, nan ba a yi gwaji ba can kuma a ɗauka an yi a Ikko, a haihu a gida hannun ungozoma shikenan ba wanda ya duba. Akwai kuma matan da suke zuwa awon amma ba su san me aka gwada ba me aka bari, an ɗebi jini dai. Dan Allah ki buɗe katinki ki duba, ko ki ba wanda ya iya karatu ya duba miki, ki nemi inda aka rubuta VDRL ko RPR, sunayen gwajin jinin tunjere kenan, ko sunan cutar, idan wurin fayau yake ki tambayi nas, ba rashin kunya ba ne haƙƙinki ne. Yanzu ma akwai ɗan gwajin yatsa guda ɗaya da ke duba HIV da tunjere lokaci ɗaya, irinsa aka yi wa ƙanwata. Kuma duk macen da ta taɓa haihuwar ɗa ba rai ko ɓarin babban ciki ya kamata a yi mata shi ko da yanzu ba ta da ciki.

Gwajin ma iri biyu ne kuma rashin sanin haka yana ruɗa mutane. Na yatsan nan da wani gwajin jini da ake kira TPHA suna nuna ko ƙwayar ta taɓa shiga jikinki, kuma yawanci za su ci gaba da nunawa har ƙarshen rayuwa ko kin warke tas. VDRL da RPR su kuma suna zuwa da lamba, ita lambar ce ke sauka bayan magani, da ita likita ke gane an warke ko an sake kamuwa, sai dai su kuma wani lokacin suna nuna akwai alhali babu, maleriya ko shi kansa cikin na iya jawo haka. Shi ya sa ake son haɗa biyun. Amma inda ba hali, idan na yatsa ya nuna a mai ciki ba a cewa ta je ta dawo, ranar ake mata allurar farko, domin jinkirin ya fi allurar haɗari.

Sai mu zo kan maza, kuma nan ne na fi jin nauyin maganar. Bayan mun fito daga ɗakin nas ƙanwata ba allurar ce ta dame ta ba, cewa ta yi, “Yaya, ta yaya zan faɗa wa Malam? Cewa zai yi ni na kwaso.” Nas ta ba mu 'yar takarda ta ce a kawo mijin, muka zauna a bakin titi muna jiran danfo tana jujjuya takardar a hannu har ta jiƙe da gumi. Abin da nake so maza su gane, gwajin nan ba ya faɗin wa ya fara kawowa kuma ba ya faɗin yaushe. Cuta ce da ke iya kwanciya shekaru, a cikinmu kuwa bazawara na aure, namiji na auren mace ta biyu da ta uku, ana rabuwa ana sake aure, mutum na iya ɗaukarta ta hanyar halal tsantsa daga auren da ya wuce bai sani ba. Zargi ba zai tsare cikin ba. Idan aka yi wa mace allura aka bar miji, za ta iya sake kamuwa a cikin wannan cikin dai, domin warkewa daga tunjere ba ya zama rigakafi, kuma sabon kamu a tsakiyar ciki shi ne mafi muni ga yaro. Don haka miji zai yi gwaji ya karɓi nasa maganin, a dakata da kwanciya har a gama, kuma idan akwai abokiyar zama, ko tana nan Legas ko an bar ta can gida, ita ma sai an duba ta, ko da ba ta da ciki yau gobe tana iya samu. Gyambon tunjere kuma ƙofa ce ga HIV, yana sauƙaƙa mata shiga, wannan ma dalili ne. Ni a ganina masu zuwa gwajin kafin aure da ake duba jinotayif da HIV da ciwon hanta su riƙa cewa a haɗa musu da wannan, ɗigon jini ɗaya ne.

Ƙasar Kuba a shekarar 2015 ta zama ta farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta kawar da yaɗuwar HIV da tunjere daga uwa zuwa ɗa, Tailan ta biyo baya a 2016, kuma ba wani sabon magani suka ƙirƙiro ba, awo da wuri ne da gwaji ga kowace mai ciki da allura a kan lokaci har da mazajen.

A namu gidan mijina ne ya samu Malam bayan sallar isha'i suka zauna a kan benci a ƙofar gida su biyu, ya yi masa bayanin kamar yadda na yi muku, Malam ya daɗe shiru sannan ya tambaya ko yaron da ke ciki zai rayu, aka ce masa in sha Allahu tunda cikin wata huɗu ne an kama da wuri. Washegari bai fita kasuwa ba ya bi mu asibiti. Ta yi allurarta uku ba ta tsallake ko ɗaya ba, a wata na bakwai aka sake ɗibar jininta lambar ta sauka, da za ta tafi gida haihuwa na sa nas ta rubuta komai a katin, ranar kowace allura da sakamakon gwaji, na ce mata ko jakar kayanta za ta manta kada ta manta katin nan, ta nuna shi duk asibitin da ta je, domin da shi za a san ko jaririn na buƙatar tasa allurar, wanda uwarsa ba ta samu cikakken magani ba ana kwantar da shi a yi masa fenisilin kwana 10 ko fiye. Ta tambaye ni ko za ta iya ba da nono, na ce nas ta ce ta bayar, cutar ba ta bin ruwan nono sai dai idan akwai gyambo a kan nonon. A asibiti ta haihu, mace, an duba yarinyar daga tafin hannu har tafin ƙafa an ɗebi jininta, an ce a riƙa dawo da ita ana sake gwaji har lambar ta ɓace. Yanzu sun dawo Agege, ranar Talata mai zuwa ma ni zan raka su awon jinin yarinyar na wata uku.